Gurbin da Na Saya

Shekara shida na yi ina karɓar takardun neman aiki daga hannun mutane, ina buga musu hatimi, ina cewa su je su dawo, alhali ni kaina ba ni da aikin. A ofishin rajista na wata ƙaramar hukuma a nan cikin Kano nake, ma'aikacin wucin gadi, wanda ake kira kashuwal. Ba zan faɗi sunan ƙaramar hukumar ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba. Wasu sun rasu, wasu suna nan da iyalansu, kuma laifin da na zo faɗa nawa ne kafin ya zama na wani.

Mahaifina ya shiga aikin hukuma tun ana ce mata En'e. Malamin haraji ne, yana bin dagatai da masu unguwanni da littafi da rasit. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 a bakin aiki ya same shi. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, sai aka mayar da shi karɓar kuɗin rumfuna a kasuwa, a can ya cika shekara 35 ɗinsa ya ajiye. Bai taɓa ce mini a zamaninsu babu sanayya ba. Shi kansa wani kawunsa ne mai fadanci a gidan hakimi ya kama hannunsa ya kai shi. Abin da yakan ce shi ne, a da wanda ya kawo ka ya san gidanku, idan ka ci kuɗin hukuma shi za a fara kira, shi zai sunkuyar da kai a gaban manya. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin adalci ba, domin ɗan talakan da ba shi da kawu a fada haka nan ya ƙare, kuma 'yan NEPU sun sha ɗauri a kan sukar En'e. Amma na gane abin da tsohon yake nufi ranar da na zauna ciniki da mutumin da ko sunan unguwarmu bai tambaya ba.

Ni ne ɗan fari. Na yi difloma a fannin mulki, na fito da takarda mai kyau, na tarar Baba ya riga ya yi ritaya, abokan aikinsa ma duk sun watse. Ɗaya da ya rage shi ne ya samo mini wannan zama na kashuwal, ya ce in yi haƙuri, da zarar an ɗage takunkumin ɗaukar aiki mu ne na farko, tun da muna ciki. Wannan magana ita ta riƙe ni shekara shida. Ɗan alawus ɗin da ake ba mu ba ya kai kuɗin mota na wata, kuma yakan yi wata biyu ko uku bai zo ba. Idan an tashi daga ofis sai in ɗauki babur in shiga acaɓa, daga Ƙofar Mata zuwa Sabon Gari, daga Kwari zuwa Kurna, har bayan isha'i. Da wannan na yi aure, da shi aka yanka ragon sunan 'yata ta fari.

Wanda ya koya mini aikin rajista ba shugaban ofis ba ne. Wani dattijo ne, masinja, kowa Baba Masinja yake ce masa har aka kusa manta sunansa na yanka. Bai wuce firamare ba, amma babu fayil ɗin da za a nema ya ce bai san kabad ɗin da yake ba. Shi ya nuna mini yadda ake ba takarda lamba, yadda ake shigar da ita littafi, yadda ake ɗaure ta da zare don kada ta ɓace. Kullum da safe yakan zo da ƙosai a takarda ya ajiye tsakaninmu, ya ce, "Ɗan nan, sa hannu, ai ba a aiki da yunwa." Akwai kuma wata baiwar Allah mai buga takardu, bazawara da 'ya'ya uku, ita ma kashuwal, ta riga ni zuwa da shekaru. Yaya nake ce mata. Tun ana tafireta take wurin har kwamfuta ta zo, ta je ta koya da kuɗinta ta dawo ta ci gaba. Duk takardar ofa, wato ta ɗaukar aiki, da ta fita daga wannan ofis a shekarun nan, yatsunta ne suka buga ta.

A rubuce, tsarin ɗaukar aiki a ƙananan hukumomi ba shi da duhu. Ƙananan ma'aikata, daga mataki na 1 zuwa na 6, ƙaramar hukuma ce ke ɗaukarsu ta hannun kwamitin kula da ƙananan ma'aikata. Daga mataki na 7 zuwa sama kuwa aikin hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ne, ita ke ɗauka, ita ke ƙarin girma, ita ke canza wa ma'aikaci wurin aiki a cikin ƙananan hukumomi 44 na Kano. Mai takardar sakandare yana farawa a mataki na 4, mai difloma irina a na 6, mai NCE a na 7, mai digiri ko babbar difloma a na 8. Duk na karanta wannan a makaranta, na ci jarrabawa a kansa.

Abin da na gani da idona a ofishinmu daban ne. A shekara shidan nan ban ga an liƙa sanarwar neman ma'aikata a allon bakin ofis ko sau ɗaya ba. Ban ji ta a rediyo ba. Ban ga an tara masu nema an yi musu jarrabawa ko an zaunar da su an yi musu tambayoyi ba. Amma duk 'yan watanni sai mu ga sababbin fuskoki sun zo buɗe fayil da ofa a hannu. Jerin sunaye ne ke zuwa a rufe, wannan na wane ne, wannan na kansila, wannan na dattawan jam'iyya, wannan daga sama aka aiko. Ana ce musu kujeru, kamar na Makka. Wasu daga cikinsu daga ranar da suka buɗe fayil ba ma sake ganinsu, sai dai sunansu a bocar albashi.

Takardun talakawa kuwa, waɗanda nake karɓa, a kabad ɗin ƙasa suke taruwa. Idan ta cika sai mu kwashe mu zuba a buhun shinkafa mu kai sito. Na kan karanta wasu kafin in zuba. Akwai mai rubutu kamar an buga da inji. Akwai wanda ya haɗa takardar haihuwa, da ta mai unguwa, da ta dagaci, da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, da hotuna biyu, duk ya jera su tsaf, ka san ya kashe kuɗin da ba shi da su a wajen hoto da kwafi. Akwai yarinyar da ta rubuta cewa ita marainiya ce, tana da shaidar makarantar tsafta, ko shara ce a ba ta. Damina ɗaya rufin siton ya yi yoyo, buhunan suka jiƙe suka manne, gara ta ƙarasa sauran. Ni da Baba Masinja muka fitar da su. Yana ɗaga buhu yana cewa, "Inna lillahi, 'ya'yan mutane ne fa a ciki."

A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni. Mutane da yawa sun ga hikimar hakan saboda halin da gari ke ciki a lokacin, ni ma ban ce ba ta da dalili ba. Amma ranar aka toshe ƙofar abincina. Ba ni da kuɗin Adaidaita Sahu, mai ɗakina tana da ciki na biyu, mai gidan haya ya fara aiko yaro. A lokacin dokar mafi ƙarancin albashi ta 2011 ta kai shi naira 18,000, kuma wannan adadin nake kwana da shi nake tashi da shi. Ba don yawansa ba. Don yana zuwa duk wata, kuma a bayansa akwai fansho da giratuti.

Ana cikin haka Baba Masinja ya kwanta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Muka raka shi makwancinsa. A zaman makoki, a gabana, wani babba daga ofis ya dafa kan babban ɗansa, saurayi da bai daɗe da gama sakandare ba, ya ce wa dangi kada su damu, za a duba yaron. Bayan sadakar arba'in yaron ya zo da takardarsa. Ni na karɓa, ni na buga mata hatimi, na ba ta lamba kamar yadda ubansa ya koya mini.

Ba a yi wata biyu ba wani ma'aikaci ya ja ni bayan masallacin ofis. Ba babba ba ne, amma kowa ya san shi ne ɗan aiken manya. Ya ce akwai cike gurbi guda ɗaya, in ina so in nemo kaza. Kuɗin ya fi albashin shekara guda na matakin da za a ba ni. Ya ce mataki na 4 ne, ba na 6 ba, in na shiga daga baya na gyara da takarduna. Ya ce kwana goma ya ba ni, don akwai masu jira da kuɗi a hannu.

Ga wanda bai san cike gurbi ba: idan ma'aikaci ya mutu ko ya yi ritaya, kuɗin albashinsa yana nan a cikin jimillar da ake fitarwa duk wata. Sai a cire sunansa a sa wani. Jimilla ba ta motsa ba, don haka wanda ke duba lissafi daga nesa ba zai ga komai ba, ko da kuwa an ce an sa takunkumin ɗaukar aiki. Cike gurbi a kan kansa ba laifi ba ne, ofis yana buƙatar wanda zai yi aikin mamaci. Laifin yana ga yadda ake yinsa a ɗaki a rufe, da kuma kuɗin da ke bi ta ƙarƙashin ƙofar.

Ban tambaye shi gurbin wa ba ne. Wannan ita ce gaskiyar da na fi jin nauyin faɗa. A rajista nake, duk takardar mutuwa da ta ritaya ta hannuna take bi, kuma a watannin nan ƙaramin ma'aikaci ɗaya ne ya rasu. Na sani. Na ƙi tambaya ne don kada a faɗa mini da baki.

Na je wa Baba da maganar da daddare, na kewaya ta, na ce ana neman ɗan abin goro. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Goro nawa ne?" Da na faɗi kuɗin sai ya yi shiru. Can ya karanto mini hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓarta. Ya ce, "Shekara 35 na yi ina riƙe kuɗin hukuma, ban gina bene ba, amma ina barci. Kada ka yi." Na ce to.

Mahaifiyata ta ji mu daga ɗaki. Ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ta haife ni, kunyar ɗan fari, ko magana za ta yi mini sai ta kalli wani wuri. Washegari ta aiko ƙanwata da ƙulli a gefen zani. 'Yan kunnenta ne na zinariya da ta gada wajen tata uwar, da saƙon cewa kada Malam ya ji. Na kai su kasuwa aka auna. Na sayar da babur. Mai ɗakina ta roƙi uwar adashi aka ba ta kwasar da ba tata ba. A kwana na tara na kai kuɗin a baƙar leda, a bayan masallacin nan dai, ba rasit, ba shaida. Bai ƙirga a gabana ba.

Yaya ce ta buga ofata. An kai mata sunan a cikin wasu, da kwanan watan da aka mayar baya. Ta kawo mini da hannunta ta ajiye a kan teburina, ta ce, "Allah ya sanya alheri, ƙanena." Ba ta ƙara ko kalma ba. Ta fi ni daɗewa, ta fi ni buƙata, aikin da take yi a rana ban yi shi a kwana uku, kuma ta san yadda aka yi don ba yau ta fara gani ba. Bayan shekara guda ta daina zuwa. Na ji an ce tana buga wa ɗalibai takardu a wani shago a wajen Kabuga.

Da albashin farko ya shigo na sayi buhun shinkafa da galan na mai na kai gida. Baba yana zaune a zaure a kan buzunsa. Ya dubi kayan, ya dube ni, ya ce, "An ɗage takunkumin ne?" Na kasa amsawa. Ya ce wa ƙanena ya mayar da su kan babur ɗin da ya kawo su. Bai yi faɗa ba, bai zage ni ba, bai kuma daina amsa gaisuwata ba. Amma daga ranar, ko lemo na kawo sai ya tambaya da wane kuɗi na saya. Haka ya ci gaba da jiran ɗan fanshonsa, yana bin layin tantancewa da sandarsa, ga ɗansa ma'aikaci a gari ɗaya.

Yaron Baba Masinja kuwa bai fasa zuwa ba. Duk bayan mako biyu ko uku zai leƙo, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Yaya, ko akwai labarin takardata?" In ce ana kan dubawa. Wani lokaci in ba shi kuɗin mota, ya yi ta godiya har in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata rana ya zo da mahaifiyarsa a kan maganar giratutin marigayi, ta zauna a kan bencin da mijinta yake zama, ta ce mini, "Ɗana, ya sha ba mu labarinka. Ya ce kai ne mai amana a ofishin nan." Kusan shekara biyu ina gaya wa yaron nan ana kan dubawa, ina karɓar albashin ubansa.

Daga baya aka zo tantance ma'aikata, irin wadda ake yi lokaci zuwa lokaci don kama ma'aikatan bogi. Aka ce kowa ya zo da kansa, da ofarsa ta farko, da takardun makaranta na asali, da lambar BVN. Mun yi layi tun daga sallar asuba. Daren ban runtsa ba, na tabbata asirina zai tonu. Da aka zo kaina aka duba, sunana yana cikin boca, fayil ɗina cikakke ne, ni da kaina na ɗaure shi. Aka buga mini hatimi na wuce. Wanda ke bayana, magidanci mai furfura a gemu, aka ce ofarsa ta jabu ce, lambar da ke kanta ta wani ce, kuma shi ne na uku da ya zo da wannan lambar. Ya ce wata takwas ana ce masa albashi zai fara, ya sayar da rabonsa na gidan gado ya biya. Ya zauna a ƙasa a cikin rana yana salati, babu wanda ya iya ɗaga shi. Abu ɗaya muka yi ni da shi. Ni dillalina ya cika alkawari, shi nasa ya cuce shi, bambancin ke nan. Tantancewar ta kama shi ta sake ni, wanda ya sayar mana kuwa ko layin bai shiga ba.

Shi ya sa a 2023, da gwamnatin jiha ta dakatar da albashin ma'aikata sama da 10,000 da aka ɗauka a ƙarshen gwamnatin da ta gabata, aka tantance sama da 12,000, aka mayar da sama da 9,000, aka sallami sama da 3,000, ban iya shiga musun da ake yi a majalisar hira ba. Masu goyon baya suna cewa an gyara ɓarna, masu suka suna cewa siyasa ce. Ni mutanen da ke kan layin kawai nake gani, don na san abin da ke cikin mai tsayuwa a wurin.

Bayan tantancewarmu na kasa samun sukuni, sai na je wajen wani malami da nake ɗaukar karatu a zaurensa bayan magariba. Na jira kowa ya watse na faɗa masa komai. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, albashin nan halal ne ko haram?" Ya ce akwai malaman da suka yi sauƙi ga wanda aka danne wa haƙƙinsa, ya rasa hanyar karɓarsa sai ya ba da wani abu, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Sai ya ce, "Amma gurbin nan haƙƙinka ne?" Na ce na yi shekara shida ina bauta. Ya ce, "Ita mai buga takardun fa, shekara nawa ta yi?" Na yi shiru. Na ce to na yaron ne ke nan. Ya ce a'a, aikin hukuma ba gona ba ne da ɗa zai gada, alkawarin da aka yi masa a zaman makoki ma ba a kan ƙa'ida yake ba. Ya ce gurbin na wanda ya fi cancanta ne a cikin duk masu nema, kuma tun da ba a tara su an gwada ba, babu wanda ya san ko wane ne. Yana iya zama ni, yana iya zama ita, yana iya zama wani da takardarsa ke cikin buhu.

Wannan amsar ta fi mini nauyi a kan a ce haram ne kai tsaye. Da kuɗin mutum na sata, na san ƙofar gidan da zan je in durƙusa. A nan kuwa wanda na zalunta ban san fuskarsa ba, watakila ma takardarsa tana cikin waɗanda ni da Baba Masinja muka kwashe a jiƙe. Malam bai ce in ajiye aikin ba. Ya ce in tuba, in yi aikin da ake biyana a kansa da gaskiya ba tare da ha'inci ba, in daina yi wa yaron ƙarya, in kuma nemi yafiyar waɗanda na sani.

Na fara da fayil ɗin giratutin marigayi. Na bi shi tebur bayan tebur, ofis bayan ofis, da ƙafata da kuɗin motata, ban ba kowa ko sisi ba, har Allah ya sa aka biya iyalinsa bayan dogon jira. Sannan na je na sami Yaya a shagon da take. Ta saurare ni har na gama, ta ce ita ta yafe tun ranar, amma kada in ce mata abin bai yi mata ciwo ba, don ta yi kuka a bayan gida kafin ta kawo mini takardar.

Baba shi ne na ƙarshe a cikin manya. Lokacin jikinsa ya fara rauni. Na zauna a gefen buzunsa na gaya masa abin da Malam ya ce da abin da na yi. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "'Yan kunnen uwarka fa?" Ashe ya sani tun farko. Na ce ina tarawa. Ya ce in fara da wannan. Na yi wata goma sha ɗaya kafin na iya sayen wasu, ba su kai nata nauyi ba, kuma ba na uwarta ba ne. A cikin azumin da ya biyo baya na kai masa dabino da kankana, ya karɓa ya yi buɗa baki da su bai tambaye ni komai ba. Bai ga wani azumin ba.

Yanzu ina da shekaru a aiki, an gyara mini mataki, ni ne ma nake riƙe da rajistar. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 18,000 zuwa 30,000 a 2019, ya kai 71,000 a Kano a 2024, kuma duk lokacin da ya ƙaru ina jin farashin gurbi ma yana ƙaruwa a bakin dillalai. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kuɗinsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ba. Abokan aikina na NULGE, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, sun yi murna, ni ma na yi, don an daɗe ana wannan fafutuka. Amma ko ta wace hanya kuɗin ya biyo, idan ɗaukar aiki ya ci gaba da zama a ɗaki a rufe, mai sayar da gurbi ne kawai zai canza. Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Idan masinja ya rasu, a rubuta a liƙa a allo cewa ana neman masinja, a faɗa a rediyo, a sa rana, a tara masu nema a makarantar firamare mafi kusa a gwada su, a liƙa sakamako inda kowa zai gani, a kuma ba waɗanda suka yi shekaru suna kashuwal makin wahalarsu a fili. Na faɗi wannan a taron ma'aikata sau biyu. Na farko aka yi dariya, na biyu wani ya ja ni gefe ya ce in tuna yadda na shigo. Na ce masa saboda na tuna ne nake faɗa.

Abin da ke hannuna kaɗan ne. Na hana a kai takardun neman aiki sito. Na sayi babban littafi da kuɗina, duk wanda ya kawo takarda ina rubuta sunansa da shaidar karatunsa da ranar da ya kawo, in ba shi 'yar takarda mai lamba. Idan ya tambaye ni ko akwai aiki, ina gaya masa gaskiya, cewa ban ga an yi sanarwa ba, kuma duk wanda ya ce ya kawo kuɗi kada ya bayar. Wasu suna jin haushina, sun fi son a ce musu ana kan dubawa. Littafi na uku nake ciki yanzu, ba a taɓa aiko a karɓi ko ɗaya ba.

Yaron Baba Masinja shi na fi jinkirtawa, don shi na fi jin kunya. Lokacin ya riga ya daina zuwa ofis, yana tsare wa wani teburin kayan waya a Farm Centre. Na same shi da yamma ana haɗa kaya. Ya taso da murna yana "Yaya, Yaya," ya kawo mini kujera ya aika a sayo ruwa mai sanyi. Na ce ya zauna. Na gaya masa gurbin mahaifinsa ni aka ba, kuma saya na yi, kuma duk zuwan da yake yi ina cewa ana dubawa, babu abin da ake dubawa.

Ya sunkuyar da kai yana juya wata cajar waya a hannunsa. Ya ce, "Yaya, ai na sani. Tun wata na uku wani direba ya gaya mini."

Na ce to me ya sa ya ci gaba da zuwa?

Ya ce Inna ce take tura shi. Bai gaya mata ba, don kullum tana sa ni a addu'a, bai so ya ɓata mata wannan. Ya ce kuma idan ya zo yakan ga bencin Baba.

Na roƙe shi ya yafe mini. Ya ce shi ya yafe, amma maganar Inna ba tasa ba ce, in ina so ta sani sai dai in je da kaina. Ya kwatanta mini gidan da suka koma a Rijiyar Lemo, ya ce an fi samunta bayan la'asar. Ranar Asabar na je, na yi sallama a ƙofar gida, na ji muryarta daga ciki tana cewa a shimfiɗa wa ɗanta tabarma.